Jikin da na so in rabu da shi

Ni Bahaushiya ce, 'yar Katolika, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Kakana Bamaguje ne, ya rayu yana tsafinsa har ya koma. Babana ne ya fara shiga Ikilisiya tun yana saurayi, mu kuma muka buɗe ido a ciki. Na daɗe ina jinkirin ba da wannan labari, don abin da ya same ni, wato yoyon fitsari, ba irin wanda mace take so a san ta da shi ba ne. Amma na san yanzu haka akwai wata a kwance cikin ɗakin bayan gida, an shimfiɗa mata leda a kan tabarma, tana ganin kamar ita kaɗai ce a duniya. Dominta na rubuta.

Cocinmu na laka ne, rufin kwano. Fada ba ya zaune da mu, sai ya zagayo. Malam katikis ne yake koya mana addu'o'i a gindin darbejiya, muna maimaitawa a bayansa: na ba da gaskiya ga gafarar zunubai, da tashin jiki, da rai na har abada. Karatun aku muke yi, babu wanda ya tsaya ya tambayi ma'anar tashin jiki. Ranar 15 ga Agusta kuwa, idin Ɗaukar Maryamu zuwa Sama, mu yara abin da ya dame mu shi ne sabuwar masara ta fito, za a dafa shinkafa, matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, kuma za su buga tulu su yi rawa har la'asar. Akwai wani hoto a bangon cocin, Maryamu tsaye a kan gajimare, farar riga da shuɗin mayafi, ƙananan mala'iku a ƙarƙashin ƙafafunta. Ina son hoton ƙwarai, amma ban taɓa ɗauka yana da wata alaƙa da mu masu faso a ƙafa ba.

An ɗaura mini aure a coci ban cika shekara 17 ba. Ciki ya shiga da wuri, da ya tsufa aka kai ni gidanmu goyon ciki kamar yadda aka saba. Naƙuda ta tashi tsakiyar damina. Na yi shiru da farko, saboda kunyar ɗan fari: yarinya ba ta ihu, ba ta ma nuna ta san abin da ke faruwa. Rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa. Aka ba ni rubutu daga maƙwabta, aka ba ni ruwan albarka daga coci, aka ba ni saiwa, duk na sha. Ungozoma ta duba ta ce gishiri ne ya tare hanya, ta ɗauko reza ta yanka. Ba na riƙe ta a zuciya, abin da ta gada ke nan, kuma ita ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Lokacin da maza suka yarda a tafi asibiti, rafi ya riga ya cika. A amalanken shanu aka fitar da ni zuwa bakin titi.

Ɗan ya zo ba rai. Namiji ne, haka Inna ta gaya mini daga baya, don ban gan shi ba. Baba ya naɗe shi cikin zane ya koma da shi gida ya rufe.

Bayan 'yan kwanaki na farka na ji katifa ta jiƙe. Na ɗauka barci ne ya yi mini nauyi. Na tashi in gyara, sai na ji yana bin ƙafata, ba ni na sake shi ba, ba ni kuma da ikon riƙe shi. Daga baya ne aka yi mini bayanin yadda abin yake: kan jariri ya daɗe yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya zube, ya bar rami. Yankan reza ya ƙara nasa. Ƙafata ta dama ma ta ƙi ɗaguwa, ina jan ta a ƙasa wata da watanni. An gwada ɗinke ni a wani asibiti, Baba ya sayar da sa don wannan, ɗinkin bai kama ba.

Wanda bai zauna da mai yoyon fitsari ba, ba zai gane ba. Tsumma ne rayuwarki. Ki yanka tsohon zane ki naɗa, ya jiƙe, ki cire, ki wanke, ki shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa, da damina kuma ya ƙi bushewa. Cinyoyina suka sale suka yi gyambo. Inna takan narka man kaɗe ta shafa mini da dare, tana yi tana kau da kai don kada in ga hawayenta. Ƙuda ya san ni. Yara in sun shigo su toshe hanci su ruga, ba da mugunta ba, yara ne. An ware mini kwano da moɗa. Maigidana ya zo duba ni sau ɗaya ko biyu, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce, “Ki zauna a gida tukuna har ki samu sauƙi.” A wurinmu 'yan Katolika babu saki, don haka ba a ce an sake ni ba. An dai bar ni.

Dabarar da na ga ta fi ita ce in daina shan ruwa. In babu abin da ya shiga, me zai fita? Sai in wuni da kurɓi biyu. Ashe fitsarin kauri yake ƙarawa, warin ya ninka, ƙunar ta ƙaru. Coci kuwa na daina zuwa tun ranar da na tashi daga benci na ga na bar shaida, matar da ke kusa da ni ta ja ɗanta ta matsa.

Masu zuwa gaisuwa suna da kirki, amma maganarsu guda ce. “Haƙuri za ki yi, jiki ai ƙasa ne, rai shi ne abin dubawa.” Wasu su tuna mini ranar Larabar Toka, da ake shafa mana toka a goshi a ce mu tuna turɓaya ne mu. Wasu su kawo labarin matar da ta shekara 12 tana zubar jini, ta taɓa gefen rigar Yesu ta warke nan take. Wannan labarin ya fi kowanne yi mini ciwo, don ni na taɓa, na sake taɓawa, ina nan jiƙe. Daga duk waɗannan na haɗa nawa tauhidin: jiki juji ne da aka ɗaure rai a ciki, mutuwa kuma ita ce kwancewa. Na fara roƙon mutuwa da gaske. In na zo ƙarshen “A gaishe ki Maryamu”, wurin da ake cewa “yanzu da lokacin mutuwarmu”, sai in tsaya a nan in ce a gaggauto da shi.

Wata shekara idin Agusta ya zagayo, aka ce Fada da kansa zai zo. Inna ta ce, “Tashi ki yi wanka.” Na ce, “Inna, ki rabu da ni.” Ta ce ko a waje ne sai na zauna, ba za ta tafi ta bar ni ina kallon rufin ɗaki ba. Na bi ta don kada ta yi kuka. Na zauna a kan dutse bayan taga, inda iska ke kaɗawa ta tafi da warin daji.

Daga nan na ji wa'azin. Fada ya ce Yesu hawa ya yi da ikon kansa, Maryamu kuwa ɗaukarta aka yi, don mutum ce kamarmu, ba ta da tsanin hawa. Ya ce Kiristoci sun fi shekara 1,000 suna wannan idi kafin Paparoma Pius na 12 ya tabbatar da shi a matsayin koyarwar Ikilisiya ran 1 ga Nuwamba 1950, cewa da ta gama kwanakinta a duniya an ɗauke ta zuwa ɗaukakar sama, jiki da rai. Ya ce mu lura da shekarar: shekara 5 ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ƙona mutane miliyoyi, aka tura gawarwaki rami kamar shara. A wannan lokacin ne Ikilisiya ta miƙe ta ce jikin ɗan Adam gidansa na ƙarshe wurin Allah ne. Sai ya juya wajen mata ya ce, “Iyayena, jikin da ke sama yau jikin mace ne. Ya ɗauki ciki, ya haihu a inda ba gida ba, ya shayar, ya ɗebo ruwa, ya yi gudun hijira zuwa Masar da goyo, ya tsufa. Allah bai ce ta tuɓe shi a bakin ƙofa ba.”

Ban ji wani sanyi a zuciya ba, fushi ma na ji. Na ce a raina ita ai ba ta da zunubi, jikinta bai taɓa wari ba, me ya haɗa ta da ni? Ina cikin wannan aka tashi, mutane suka nufi wurin abinci. Sai ga Fada ya zagayo bayan coci, ashe Inna ta yi masa magana. Yana riƙe da ƙaramin mazubin Jikin Kristi, wato gurasa mai tsarki da ake ba masu bi a coci. Na ja da baya na ce, “Fada, kada ka matso, ba ni da tsarki.” Ya ce, “Akwai zunubin da kike so ki yi ikirari?” Na ce, “A'a, Fada, fitsari ne.” Ya ce, “'Yata, fitsari ba zunubi ba ne.” Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya sa mini a baki. Bayan na haɗiye ya tambaye ni ko an taɓa kai ni Babbar Ruga a Katsina. Na ce an gwada wani wuri bai yi ba. Ya ce a can aikinsu ke nan, kuma ba a biyan kuɗin aiki.

Ban tafi nan da nan ba. Na yi ta juya maganar har kaka ta wuce. Gwaggona, wadda take cocin ECWA, ba Katolika ba, ta ce mini wannan zancen ɗaukar Maryamu babu shi a Littafi Mai Tsarki. Gaskiyarta, ba a rubuta shi baro-baro ba. Na tambayi Malam, ya ce an rubuta Anuhu da Allah ya ɗauke, an rubuta Iliya da ya tafi cikin guguwa, na Maryamu kuwa Ikilisiya ta riƙe shi ne daga abin da aka gada tun dā. Ya ce garuruwa da yawa suna alfahari da ƙasusuwan tsarkaka, kamar yadda Roma take da kabarin Bitrus da na Bulus, amma babu garin da ya ce ƙasusuwan Maryamu suna wurinsa. Kabarin da ake nunawa a Urushalima, kusa da Gatsemani, babu kowa a ciki. Ni da Gwaggo har yau ba mu daidaita a kan wannan ba, ba mu kuma ɓata ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne tashin jiki, don ita ma tana faɗarsa.

A nan ne maganar ta kama ni. Malam ya karanta mini wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 15, inda ya kwatanta jiki da iri: a shuka shi a wulaƙance, a tashe shi da ɗaukaka, a shuka shi da rauni, a tashe shi da ƙarfi. 'Yar manomi ce ni. Na san geron da aka binne shi ne yake fitowa, ba a shuka gero a girbi dawa, na kuma san babu manomin kirki da yake barin irinsa ya ruɓe a rumbu wai don ai ƙasa za shi. In abin da ya faru da Maryamu shi ne abin da ke jiran sauranmu, ita dai ta riga mu ne, to wannan jikin mai yoyo shi ne zai tsaya gaban Allah, ba wani za a ba ni aro ba. Ke nan mutuwar da nake roƙo ba za ta raba ni da shi ba. Da farko wannan ya tsorata ni. Daga baya na ga in haka ne, sai in san yadda zan zauna da shi.

Matan Zumunta suka yi karo-karo suka haɗa mana kuɗin mota, har da wadda ta ja ɗanta ta matsa. A mota na zauna a kan leda, na lulluɓe da zane biyu, fasinjoji suna ta sauke gilashi ana tambayar me ya mutu a cikin motar.

Babbar Ruga tana bayan garin Katsina. An ce dā asibitin kutare ne, sai wani likita ɗan ƙasar Holan ya fara gyaran masu yoyon fitsari a wurin a shekarun 1980. Abin da na fara gani shi ne mata birjik, yara da manya, daga Katsina, Zamfara, har da Maraɗi, kowa da robar fitsarinta da ƙaramin bokiti a hannu, suna hira suna kitso. Babu mai toshe hanci. Wata ta dube ni na rakuɓe a lungu ta ce, “Ƙanwata, shigo ciki, nan kowa mai ɗaki ne, ya san inda yake masa yoyo.” Dariyar da na yi ranar, na manta rabona da irinta.

Doka ta farko da malamar jinya ta ba ni ita ce shan ruwa, da yawa, dare da rana, har fitsarin ya zama fari kamar ruwan. Ni da na yi shekaru ina gudun moɗa, sai maƙogwarona ya ƙi. Maƙwabciyar gadona Musulma ce, 'yar wajen Jibiya, ta girme ni. Ta ga carbina ta tambaya, na ce na roƙon Maryamu ne. Ta ce, “Nana Maryamu? Ai sura guda gare ta a Alƙur'ani.” Ta ba ni labarin yadda yake a wurinsu: naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, har ta ce da ma ta mutu kafin wannan, a manta da ita. Sai aka kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa yana gudana a ƙarƙashinta, ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha. Wannan ba ya cikin namu Littafin, kuma ni da ita mun san inda addinanmu suka rabu. Amma jin cewa akwai masu faɗin Maryamu ta taɓa furta irin maganar da na yi ta furtawa, amsar da aka ba ta kuma ita ce ci da sha, ya sa na ɗauki moɗar. Duk lokacin da na yi sanyi takan zungure ni ta ce, “Ke dai sha ruwanki.” Ita ma ta daɗe ba ta salla don tana ganin ba ta da tsarki, sai da wani malami ya gaya mata mai yoyo tana da uzuri, sallarta ta yi.

Aka yi aikin. Na zauna da roba makonni, sannan aka cire. Daren farko ban runtsa ba, ina ta shafa zanen gado in ji ko ya jiƙe. Da asuba na ji wani abu da na manta da shi, wato matsuwar fitsari. Na tashi da ƙafata na je na yi, na tsayar da kaina. Kafin a sallame mu aka ja mana kunne: watanni babu kusantar namiji, babu ɗaukar kaya mai nauyi, in ciki ya shiga a zo awo, haihuwa kuma sai ta tiyata.

Ba zan ce na koma yadda nake ba. Doguwar naƙudar ta riga ta yi ɓarnarta, har yanzu in na yi tari mai ƙarfi ko na ɗaga tulu yakan ɗiga, ina sa ƙyalle in zan yi tafiya. Ban sake haihuwa ba. Maigidana kuwa danginsa sun samo masa wata tun ina kwance, suna da yara. A idon Ikilisiya har yanzu ni ce matarsa, abin da ya zama mini nauyi ta wata fuskar. Mukan gaisa in mun haɗu a kasuwa.

Abin da wannan bangaskiya ta canza mini ƙananan abubuwa ne. Ina cin abinci a kan lokaci. Ina shafa mai, ina kitso, ina ƙunshi ranar idi ko da babu mai kallo. In ciwo ya kama ni asibiti nake zuwa, ba na cewa ai jiki ƙasa ne. Na kuma daina yarda a faɗa wa marar lafiya wannan maganar a gabana, ko wane ne mai faɗar. Toka gaskiya ce, amma rabin maganar ce, kuma na lura an fi saurin faɗa wa mata da talakawa ita, don ta fi kuɗin mota araha.

Da Inna ta rasu, na ce ni zan yi mata wanka. Tsofaffi suka ce 'ya ba ta iya wannan, zuciya ba za ta ɗauka ba. Na ce wadda ta wanke tsummana shekara da shekaru ba zan bar wa wasu ba. Na wanke hannuwan nan da sabulu ya cinye, na yanke mata farce, na shafa mata man kaɗe a ƙafa, na ɗaura mata kallabin Zumunta. A wurin jana'iza aka yayyafa wa akwatin ruwan albarka, aka zagaya shi da turare. Na sha ganin ana haka tun ina yarinya, ranar ce na gane cewa jikin ake girmamawa, don an yi masa baftisma kuma ana sa ran sake ganinsa. Tun daga nan in mace ta rasu a cocinmu ina cikin masu wanka.

Na sa Baba ya nuna mini inda ya rufe ɗana. Ya yi ta kauce wa maganar, a ganinsa tone-tone ne, amma ya nuna. Na jera duwatsu a wurin don kada garma ta bi ta kai. Ba a yi masa baftisma ba, wannan ya daɗe yana cina. Fada ya ce koyarwar Ikilisiya ita ce a miƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah, da sa zuciya. Na tambaye shi kuma ko tabon da ke jikina zai tashi tare da ni. Ya ce Yesu ya tashi da ramukan ƙusa a hannu har Toma ya gani, iyakar abin da zai iya ce mini ke nan.

Yanzu ɗinki nake yi, kuma ni ke riƙe da asusun naƙuda na Zumunta. Kowace mace tana zuba abin da ta samu bayan Mas, wato sujadarmu ta coci, kuɗin na mota ne kawai, ba a ranta wa kowa don biki ko taki. Wadda naƙuda ta kama, Kirista ko Musulma, in ta wuni ba ta sauka ba sai a kira mai mota. Duk ranar 15 ga Agusta, bayan an karanta waƙar Maryamu daga Luka, Malam yakan ba ni dama in tsaya a gaban coci in faɗi abin da ya same ni da sunansa, in roƙi maza kada su bari rana ta faɗi sau biyu a kan mace tana naƙuda. Wasu sukan sunkuyar da kai, wasu su fita shan iska.

Rafin nan har yanzu yana cika, babu gada. Don haka bana muka yanke shawara duk wadda watan haihuwarta ya faɗo cikin damina a kai ta Malumfashi wurin dangi tun kafin lokaci. Yawancin mazan sun yarda. Akwai guda da ya ce uwarsa ta haifi tara a ɗaki babu abin da ya same ta, matarsa kuwa yarinya ce ƙarama, cikin fari. Na lura ba shi ne mai maganar ba, uwar ce, don haka ran Lahadi ni da matar Malam wurinta za mu.